Shanun da Lawali Ya Bari a Bango

Ranar da na fara shiga gidan zane-zane a rayuwata, gawar abokina tana kwance a ɗakin ajiya na wani asibiti, kuma in ban samu wanda zai tsaya mini ba kafin a tashi daga aiki, ba za a yi masa sutura irin tamu ba. Abin da ya kai ni ke nan. Ni ba mutumin kallon hoto ba ne. A Tambuwal iyakar zanen da na sani shi ne na bayan manyan motoci, zaki da dabino da jirgin sama, shi ma sai in mota ta tsaya shan mai a hanyar Jega.

Sunana Junaidu. Karatu na je yi a Polan, ko kuwa in ce haka ejan da ya shirya mini tafiyar ya gaya wa mahaifina. Makarantar da ya nuna mana a waya tana nan daram, bai yi ƙarya ba, sunana ne kawai ba ya cikinta. Daga filin jirgi aka wuce da ni wani ƙaramin gari a gabashin ƙasar, aka ba ni farar riga da takalmin roba, aka nuna mini layin da kaji ke wucewa a rataye. Aikina in cire fukafukai. Ɗakin aikin sanyi, waje sanyi, gidan da aka cusa mu kuma sai warin jiƙaƙƙen takalmi.

A nan na haɗu da Lawali. Wata rana kwandon kaji ya suɓuce wa wani dogon baƙi a bayana, sai na ji ya ce, "Wanga abu ba shi da albarka!" Na juya da sauri har wuƙa ta kusa yanka ni. Na ce, "Kai, mutumin ina?" Ya ce, "Kebbe." Na ce, "Tambuwal." Muka tsaya muna kallon juna muna dariya kamar wawaye, har shugaban layi ya daka mana tsawa.

Daga ranar ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Shi yana kirana ɗan birni, wai mu mutanen Tambuwal tunda kwalta ta ratsa garinmu muke jin mun waye. Ni kuma ina kiransa ɗan daji. Gidansu noma da kiwo suke yi, ya tashi a bayan shanu, kuma shi ne ɗan farin mahaifiyarsa. Saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Da wayarsa ta lalace, tawa take kira, in na ɗauka sai ta gaishe ni tsaf, ta tambayi sanyi, ta tambayi aiki, can a ƙarshe ta ce, "Abokin naka shina kusa?"

Ranar hutu ni barci nake yi. Lawali ba ya iya zaman ɗaki. Sai ya shiga bas ya tafi babban garin yankin ya yi ta yawo. Wata Lahadi ya dawo yana haki, ya yaye mini bargo.

"Junaidu, tashi ka ji abin mamaki. Sanyi ya kore ni na shiga wani gida, ashe gidan hotuna na. Sai ga wani tsohon bature yac ce mini sannu da zuwa. Da Hausa! Ba ta rediyo ba, tamu. Wai ya zamna Sakkwato tun ba a haife mu ba, har Dogon Daji ya kwana."

Na ce, "Sanyi ya taɓa maka kai."

"Wallahi! Kuma akwai shanu nan ciki, a bango. In ka gan su sai ka rantse yanzu za su ɗaga kai."

Na ce ya baro shanu a Kebbe ya zo Turai kallon na bango, Allah ya ba shi lafiya. Na ja bargona. Ya koma wurin sau da yawa bayan nan, kullum sai ya ce in raka shi, kullum sai in ce wani makon.

Tari ya fara da shi a tsakiyar hunturu. Ya ce mura ce, ya dafa citta. Bai daina zuwa aiki ba, don a wurin nan in ka yi fashi wani ake sa wa a gurbinka. Ranar da ya faɗi a bakin layi aka kira motar asibiti. Kwanaki kaɗan ya yi a can. Ina tsaye ina cire fukafukai Allah ya karɓi abinsa, sai da na je dubiya da yamma na tarar da gadon an canza masa zani.

Washegari aka tura ni wani ofis a ginin hukumar garin. Matar da ke wurin ba ta jin Ingilishi, ni ba na jin yarensu, sai ta riƙa rubutu a waya tana nuna mini fassarar. Abin da na fahimta shi ne, ni ba ɗan'uwansa ba ne, takarduna kuma ba su kai in tsaya masa ba. Sai an samu ɗan ƙasa mai adireshi ya zo ya yi bayani ya sa hannu. In ba a samu ba zuwa tashin aiki ranar Juma'a, hukuma za ta ɗauki nauyinsa yadda ta saba yi wa wanda ba shi da kowa. A cikin rubutun na ga kalmar ƙonawa. Har yau ban sani ba ko lalle haka za su yi, ko wayar ce ta fassara yadda ta ga dama. Amma na gan ta da idona, na fita na zauna a kan matakala.

Akwai wani Rustam, mutumin Uzbekistan, da muke salla tare a bayan sito. Shi ya yi ta buga waya har ya samo wani ƙauye na Musulmin ƙabilar Tatar, 'yan ƙasar, masu tsohuwar maƙabarta. Suka ce a kawo shi, har mota za su turo. Abin da ya rage a saki gawar.

Kawun Lawali na fara sanar wa, shi ya shiga gida ya faɗa. Da yamma wayata ta yi ƙara, na ji muryar Inna, mahaifiyarsa. Ba ta yi kuka ba.

"Junaidu, ban ce a maido shi ba, na san da nisa. Abu guda nika roƙo. A wanke shi, a sa mai fari, a yi mai salla. Kar a bar abokinka hakanan."

Na ce, "In sha Allahu, Inna." Ban gaya mata kalmar da na gani a waya ba.

Ejan na kira, don shi yana da mutane a ƙasar. Ya yi salati, ya yi ta'aziyya mai daɗi, ya ce in kwantar da hankalina, gobe zai turo wani. Gobe ta yi ya ce gobe. Ranar Alhamis da la'asar wayarsa ta daina shiga. Na roƙi shugaban layinmu, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi kaji ya sani. Sai a lokacin tsohon baturen Lawali ya faɗo mini a rai. Ko sunansa ban sani ba, Tsoho kawai Lawali ke ce masa.

Da safiyar Juma'a na ce wa shugaban layi ba zan yi aiki ba. Ya ce in na tafi kada in dawo. Na ajiye masa farar rigar na fita.

Bas ɗin ya yi ta tsayawa a kowane ƙauye kamar motar kasuwar Sanyinna. Da muka shiga babban garin na sauka a inda bai kamata ba, na tsinci kaina a tsakanin dogayen gidaje masu kama ɗaya. Na tare mutum biyu suka kauce. Wata tsohuwa mai jan kwandon cefane ce ta tsaya. Na zana mata kusurwa huɗu a iska da yatsa, na nuna bango. Ta dube ni, ta kama hannun rigata, ta ja ni kamar jikanta. Tafiyarta a hankali take, kwandon yana maƙalewa a ƙanƙara, ni kuwa zuciyata tana gaba. Ta kai ni har ƙofar wani tsohon gini mai ruwan ƙwai, ta buga mini kafaɗa ta juya.

A ciki wata mata mai ɗaurarriyar fuska ta tare ni, ta nuna rigar sanyina, ta nuna ƙugiya. Sai da na tuɓe na ba ta sannan ta saurare ni. Na ce, "Nijeriya. Hausa. Tsoho." Ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda ta san zancen, ta ɗaga waya.

Na ji ƙarar sanda a kan matakala kafin in gan shi. Dogo ne, ya ranƙwafa, gashinsa fari fat, hannunsa yana rawa a kan sandar. Tun daga sama ya fara.

"Maraba, maraba! Sannu da zuwa! An zo lafiya?"

Na durƙusa. Jikina ne ya yi da kansa. Na ce, "Lafiya lau, Baba."

"Ina gajiya? Ina sanyi? Ya mutanen gida? Mutumin ina?"

"Tambuwal, Baba."

"Tambuwal!" Ya buga sandar a ƙasa. "Nan munka sha fura wadda ban sake shan irinta ba. Tashi, tashi. Sunana Marek, amma can Dogo aka ce mini. Kai ne abokin ɗan Kebbe, ko? Ɗan birni! Ya ba ni labarinka. Ina shi?"

Nan ne wurin faɗa. Na sani a lokacin, na sani yanzu. Amma tsoho ne a tsaye a kan matakala, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, yana dariya. A gidanmu ba a jefa wa dattijo labarin mutuwa a tsaye. Sai ya zauna, sai an gama gaisuwa, sai ya dube ka ya ce, lafiya dai, mi ka tafe da kai? Sannan ka fara da cewa jikin wane ya yi tsanani. Haka na ga mahaifina yana yi tun ina yaro, ban san wata hanya ba.

Na ce, "Shina can."

Ya ce, "Madalla. Zo ka sha ruwa tukuna."

Ya kai ni wani ɗan ɗaki ya dafa shayi. Yana zubawa yana ba ni labari. Zanen gini da taswira ya koyar a Sakkwato yana saurayi, ya bi 'yan awon hanya har ƙasarmu. Da ya tsufa matarsa ta rasu, sai ya riƙa zuwa nan yana zagayawa da baƙi kyauta. Ya zauna, na ce to yanzu zai tambaya. Ya dube ni sosai, har na ga murmushinsa ya ragu. Na gyara zama, na haɗa maganar a bakina. Sai ya tura mini faranti ya ce, "Ci biskit." Na ci. Wallahi kamar ƙasa nake taunawa.

Na ce, "Baba, dama..."

Ya ɗaga hannu. "A'a, huta tukuna. Baƙo ba shi gaggawa. Zo in gwada maka gidanmu."

Ya miƙe, na bi shi. Me zan yi? Alfarma na zo nema wurin mutumin da bai taɓa ganina ba, alfarma mai nauyi, ya sa sunansa da adireshinsa a kan gawar baƙo. In na katse shi ya ji haushi fa? Ba ni da wani bayan shi.

Ɗakin farko manyan mutanen yankin ne na da, masu gashin baki da takubba, kowa ya murtuke fuska a cikin firam mai ruwan zinariya. Ya gaya mini wanda ya gina coci, da wanda ya cinye gadonsa a caca. Ina cewa "Ikon Allah" a inda ya dace. Katakon ƙasan yana ƙara a ƙarƙashin takalmina, a kowace ƙofa kuma akwai mace zaune a kujera tana bin hannuwana da ido.

Ɗaki na biyu na yi karo da zanen wata mata a kwance ba ko ɗan zani. Na sunkuyar da kai na yi ta kallon igiyar takalmina. Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce ɗan Kebbe ma da baya ya ratsa ɗakin nan. Ya kwaikwayi tafiyar Lawali da sandarsa. Na yi abin da ya yi kama da dariya.

A kusurwar ɗaki na uku akwai wani dogon agogo na katako, ya fi ni tsawo. Muna shiga ya buga. Ban ƙirga ba, amma na san azahar ta yi, kuma an gaya mini ranar Juma'a da wuri ofisoshi ke tashi. Ga tafiyar komawa. Ranar hunturu a can ba ta da tsawo, hasken da ke shigowa ta taga ya riga ya fara yin ja. Gumi ya jiƙa mini baya a cikin wannan sanyi. Ina jin muryar Inna tana cewa a sa mai fari, ga tsoho yana nuna mini yadda mai zane ya yi ruwan kogi da launi kala-kala, wai in matsa kusa in ga ba shuɗi ba ne kaɗai.

Na matsa na gani. Gaskiyarsa, akwai kore, akwai ja. Na ji haushin kogin, na ji haushin wanda ya zana shi, na ji haushin tsohon da Hausarsa mai daɗi. Na ce a raina, wai shi ba ya ganin fuskata ne? Wane irin dattijo ne baƙo zai zo masa daga nesa ranar aiki, ido jawur, bai ce masa lafiya ba?

Muka wuce zanen masu girbi, mata sun ɗaure kai suna ɗaura dami kamar a gonakin Jabo. Muka wuce wani tebur da aka zana da mataccen zomo da albasa. Ya tsaya ya huta a kan benci, ya dafe ƙirji, ya sa wata ƙwaya a ƙarƙashin harshe. Na buɗe baki na rufe. Yanzu kuma tsoro nake kada labarin ya kayar da shi, in tashi da gawa biyu.

Ya ce, "Saura guda. Na aje maka mai daɗin a ƙarshe."

Ɗakin ƙarami ne, zane ɗaya ne a bangon da ke fuskantar ƙofa. Shanu ne sun sauko shan ruwa da yamma. Ba irin namu ba ne, ba tozo, ƙahonin gajeru. Amma wata ja a gaba ta ɗago kai ruwa yana zuba daga bakinta, ta juyo kamar an kira ta. Can baya akwai mai kiwon, ɗan ƙarami, ya rataya sanda a kafaɗa ya ɗora hannuwa biyu a kai. Tsayuwar Lawali ke nan in yana jiran bas.

Tsoho ya ce, "Nan shika tsayawa. Ran farko har kiransu ya yi da baki, irin na makiyaya, matar da ke gadi ta kusa faɗuwa daga kujera." Ya laluba aljihun kwat ɗinsa ya fito da wani kati, hoton zanen ne aka buga ƙarami. "Yac ce mini innatai za ta so ta ga shanun ga. Na sa an nemo mai. Mako biyu ina yawo da shi, bai zo ba. Ka ce mai in bai zo ya amsa da kainai ba, na ba ɗan birni."

Ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu. Daga nan ban san yadda aka yi ba, na ji ni a durƙushe a kan katako ina kuka irin wanda ban yi a asibiti ba, ban yi a waya ba.

"Baba, Lawali ya rasu. Tun farkon mako. Shina asibiti. In ba a samu mai sa hannu ba yau kafin a tashi, sun ce ƙone shi za su yi."

Matar da ke gadi ta miƙe ta ba shi wuri. Sai ya zauna a kujerarta. Ya faɗi wata magana da yarensu. Sannan ya dube ni, fuskarsa ta yi ja.

"Yau? Kuma tun ɗazu kana biye da ni ina gwada maka zomo da albasa? Don mi ba ka faɗi ba?"

"Ba ka tambaye ni ba, Baba."

Ya riƙe kai da hannu biyu. "Tun kan matakala na ga idonka. Na san da magana. Amma a Dogon Daji motarmu ta mutu, wani mai gida ya sauke ni, na kwana na wuni na sake kwana bai ce mini mi ya kawo ka ba. Da na tambaya anka ce ba a yi wa baƙo haka, sai ya huta ya faɗi da kainai. Shekara da shekaru ina jiran baƙon da zan yi wa irin wanga karamci." Ya buga sandar a ƙasa. "Tashi! Ni ina jiranka, kai kana jirana, shi kuma shina can. Tashi!"

Ban taɓa ganin mai sanda ya sauka matakala haka ba. A ƙasa ya yi wa mai ajiyar riguna magana da sauri, ta miƙo mana rigunanmu. Motarsa ƙarama ce, tsohuwa, sai da ya murɗa makulli ta yi tari ta yi tari kafin ta tashi. Ya ba ni wayarsa ya ce in riƙe masa a kunne, ya kira ofishin. Ba a ɗauka ba. Ya sake kira, ba a ɗauka ba.

Hanyar ta yi santsi. Muka samu wata babbar motar katako a gaba, ba wurin wucewa, muka bi ta a baya kamar masu rakiya. Rana ta sauka bayan itatuwa. Tsoho ya manne da sitiyari, hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ni kuma duk addu'ar da na sani na karanta, na koma farko. Sau ɗaya motar ta zame ta nufi rami, ya dawo da ita, ya ce da Hausa, "Yi haƙuri, 'yar tsohuwa."

Da muka isa ginin hukuma rabin tagogin sun yi duhu. Na bar shi a baya na haura da gudu. Matar tana bakin ƙofar ofishinta, ta sa rigar sanyi, makulli a hannu. Ta gane ni, ta girgiza kai, ta nuna agogon hannunta. Ba ni da kalma ko ɗaya ta yarenta. Sai na tsaya a gabanta na buɗe hannuwa, na nuna matakala. Muka tsaya haka muna jin ƙarar sanda tana hawowa, ɗaya bayan ɗaya, da numfashinsa.

Ya iso bai iya magana ba sai da ya jingina da bango. Sannan ya fara. Ta amsa a taƙaice. Ya ƙara. Ta ɗaga murya, ta nuna ƙofar da ta riga ta kulle. Ya cire hularsa, ya yi magana a hankali, doguwa, na ji sunan Lawali a ciki, na ji Kebbe. Ta dube ni. Ta dubi katin shanun da har lokacin yake hannuna, ban ma san ina riƙe da shi ba. Sai ta mayar da makullin cikin ƙofa.

Ba ta cire rigar sanyinta ba. A tsaye ta buga waya asibiti, aka daɗe ba a ɗauka ba. Da aka ɗauka ta yi magana, ta saurara, ta rufe bakin wayar da hannu ta ce wa tsoho wani abu. Ya juyo gare ni.

"Shina nan. Ba a taɓa shi ba."

Na danne masa takardar ya sa hannu.

Washegari motar mutanen ƙauyen Tatar ɗin ta zo. Tsoho ya iso da wani ƙunshi a kujerar baya, ya ce matar nan mai ajiyar riguna ce ta aiko. Ta tambaye shi abin da Musulmi ke bukata, ya gaya mata. Farin yadi ne sabo, na auduga, irin wanda suke saya don lulluɓe zane-zanen da ke sito. Ba ɗinki, ba tabo. Limamin ƙauyen ya murza shi da yatsa ya ce ya yi.

Ni da Rustam da limamin muka yi masa wanka. Ƙasar ta daskare, sai da mutanen suka hura wuta a wurin kafin su iya haƙa. Sahunmu bai da tsawo, amma sahu ne. Tsoho ya tsaya a bayanmu da hula a hannu, ƙanƙara tana sauka a kan farin gashinsa. Da aka gama ya matso ya zuba ƙasa da hannunsa, ya ce, "Allah shi jiƙan ka, ɗan Kebbe." Muka ce amin.

Ban ƙara daɗewa a ƙasar ba. Aikin ya tafi, karatun dama babu shi. Da damina ta kama ina gida. Na kwana biyu a Tambuwal, na hau babur na nufi Kebbe, katin yana aljihun gaba a cikin leda saboda ruwa.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana gyaran gero. Ƙaramar mace ce, ban zaci haka ba daga muryarta. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Tambuwal, ta sa aka kawo mini fura. Sai da na sha sannan na ba ta labarin duka, ban da kalmar nan ta waya. Na gaya mata an wanke shi, an sa masa fari, an yi masa salla. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Na fito da katin na ce saƙonsa ne, shi ya ce za ta so ta gani.

Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta kai shi nesa da ido, ta dawo da shi kusa. Ta daɗe a kan jar saniyar.

"Sun ƙoshi," in ji ta. Sai ta ɗora yatsa a kan ɗan makiyayin da ke baya, ba ta kuma ɗauke yatsan ba.

Can ta ce, "Tsohon ga da ya tsaya ma abokinka, mi as sunanai?"

Na ce, "Dogo aka ce mai a nan ƙasar."

"A'a. Na yanka nika so. Wanda uwatai ta sa mai."

Na ce, "Marek."

Ta gwada, bai fita daidai ba. Na sake faɗa. Ta yi ta maimaitawa a hankali, Marek, Marek, har ya zauna mata a baki, ta ce za ta riƙa sa shi a addu'a in Allah ya yarda. Na zauna a wurin har aka kira la'asar, tana riƙe da katin, tana kiran sunan baturen da ba ta taɓa gani ba. Na ɗanta kuwa ba ta faɗa ba.